Ƙera ƙananan jirage da zaren gilashi: Abin da ke hana aiki mannewa a mazubi

Duk mai toya masa ta san cewa ba a zuba ƙullu a busasshiyar tanda. Sai an fara ɗiga mai a kowane gurbi, in ba haka ba masar za ta kama, a rasa masar, a kuma ɓata lokaci wajen kankare tandar. Wannan ƙa'ida ta bakin murhu ita ce dai ke aiki a masana'antun da ake ƙera fukafukan manyan jiragen sama, kuma ita ce ke yawan kayar da matasa masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen da ake sarrafawa daga nesa, da zarar sun bar kwali da soso sun koma aiki da zaren gilashi, wanda masu sana'a suka fi sani da faiba.

Sha'awar jirgin sama ba baƙuwa ba ce a Jalingo. Filin jirgin saman birnin yana ɗauke da sunan tsohon gwamnan jihar Taraba, marigayi Danbaba Danfulani Suntai, wanda shi kansa matuƙin jirgi ne da ya samu horo a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A Kaduna kuma, Rundunar Sojin Saman Najeriya ta ƙaddamar da jirginta maras matuƙi mai suna Gulma a watan Disambar 2013, sannan ta biyo bayansa da Tsaigumi a ranar 15 ga Fabrairun 2018, sunaye biyu da duk Bahaushe ya san sun dace da aikin leƙen asiri. Tun daga lokacin, ɗaliban injiniya da matasa masu basira a garuruwan Arewa suka ƙara himma wajen gwada nasu. Yawancinsu kan fara da farin soson da ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali. Amma wanda ke son jirgi mai ƙwari, maras nauyi, wanda kuma za a iya sake fitar da irinsa sak idan ya faɗo ya karye, ba shi da makawa sai ya koyi aikin mazubi.

Yadda aikin yake

Abin da ake kira faiba haɗin abu biyu ne: ƙyallen da aka saƙa da zaren gilashi ko na kabon, da kuma wani ruwa mai kauri kamar zuma da ake kira rezin. Idan aka jiƙa ƙyallen da rezin da aka gauraya da sinadarin daskarwa, bayan wasu sa'o'i sai su zama abu ɗaya mai tauri. Jirgin farko maras inji da aka ƙera da zaren gilashi, mai suna Phönix, ya tashi ne a Jamus a 1957. A yau kusan rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗi ne, na Airbus A350 ma ya ɗan ɗara rabi.

Matakan a taƙaice uku ne. Ana fara sassaƙa samfurin gangar jirgin ko fiffikensa da itace ko soso, a cike ramukansa da fila irin ta masu gyaran jikin mota, a goge, a yi masa fenti. A kan wannan samfuri ake shimfiɗa faiba mai kauri a fitar da mazubi, wato abin da masu buga bulo ke ce wa mol, galibi gida biyu, dama da hagu ko sama da ƙasa. A cikin mazubin kuma ake shimfiɗa ƙyalle marar nauyi a fitar da ainihin jikin jirgin. Ke nan sau biyu ake fuskantar haɗarin mannewa: ranar da za a raba mazubi da samfuri, da kuma duk ranar da za a raba sabon jiki da mazubi. Na farkon ya fi ciwo, domin samfurin da aka shafe makonni ana gogewa na iya tafiya tare da mazubin a lokaci guda, ga rezin da ƙyalle da aka saya da tsada, kasancewar galibinsu daga waje ake shigo da su kuma farashinsu na bin dala.

Dalilin mannewar ba ɓoyayye ba ne. Rezin, musamman nau'in efoksi, gam ne, kuma yana daga cikin mafiya ƙarfin gam da ake da su. Yana kama abu ta hanya biyu. Ta farko, yana kutsawa cikin ƙananan ramuka da karce-karcen da ido ba ya gani, ya daskare a ciki kamar saiwa. Ta biyu, idan fuskar da aka zuba shi a kai ita ma rezin ce da ba ta gama nuna ba, sai sabo da tsoho su haɗu su zama jiki ɗaya, wanda babu wata dabara da za ta raba su sai zarto. Akwai kuma bambanci tsakanin nau'o'in rezin biyu da aka fi samu. Foliyesta, wanda ya fi araha kuma ya fi wari, yana ɗan tsukewa idan ya daskare, wannan tsukewar kan taimaka masa ya saki mazubi da kansa. Efoksi, wanda masu ƙera jirage suka fi so saboda ƙarfinsa da kuma cewa ba ya cinye farin soso yadda foliyesta ke yi, ba ya tsukewa sosai. Saboda haka yana zama daram a inda aka zuba shi, kuma ba ya yafe sakaci.

Kafin a zo ga abin shafawa, akwai sharaɗi biyu da babu wani sinadari da zai maye gurbinsu. Dole fuskar samfurin ta yi santsi kamar madubi: a bi ta da samfefa ta ruwa daga lamba 400 har zuwa 1200 ko sama da haka, sannan a goge ta da man ƙyalli. Itace da fila da filasta suna shan ruwa, don haka sai an toshe su da fenti mai tauri an bar shi ya bushe sarai. Sharaɗi na biyu shi ne siffa. Idan akwai wata kusurwa da ta lanƙwasa ta koma ciki, jikin zai maƙale kamar hannun da aka dunƙule a cikin tulu, ko da an shafa kaki sau ashirin. Shi ya sa ake raba mazubi daidai inda jikin ya fi faɗi, ake kuma ba bangonsa ɗan karkata na digiri biyu ko uku.

Kaki

Mafi daɗewa a cikin abubuwan hana mannewa shi ne kaki. Wanda ake sayarwa musamman don wannan aiki, a cikin gwangwani kamar na man goge takalmi, ana haɗa shi ne da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil. Fifikonsa a kan kakin zuma da aka saba da shi a nan shi ne tauri da jure zafi. Kakin zuma na narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, na karnuba kuwa sai ya haura digiri 80. Wannan rata tana da muhimmanci, domin rezin yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa, kuma inda ya taru da kauri, kamar a kusurwoyin mazubi, zafin na iya laushe kaki mai rauni ya bar fuskar a tsirara.

A nan ne gaggawa ke cin mutane. Ba yawan kakin da aka lafta ba ne ke aiki, yawan zagayen da aka yi ne. Ana ɗibar kaɗan da tsumma mai laushi ko soso, a shafa siriri a zagaye, a jira har ya yi hazo-hazo, sannan a goge da wani tsumman auduga mai tsabta har ya yi ƙyalli. Sai a bar shi ya huta kafin a sake. Sabon samfuri ko sabon mazubi na buƙatar zagaye biyar zuwa takwas, wasu ma kan ƙara, tare da bin tazarar da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwanin. Hikimar maimaitawar ita ce, kowane zagaye yana tsallake wasu 'yan wurare, na gaba kuma ya rufe su. Wanda ya yi zagaye shida a cikin minti goma bai yi shida ba, domin ruwan da ke cikin sabon kaki yana narkar da na ƙasa idan bai riga ya taurara ba. Wanda kuma ya goge da ƙarfi har tsumma ya yi zafi, ya kwashe abin da ya shafa.

Akwai tarko a shagunan kayan mota. Man ƙyallin mota yana kama da wannan kaki a ido, ya kuma fi sauƙin samu, amma da yawansa na ɗauke da silikon, wasu kuma da garin gogewa. Silikon yana bin jikin da aka fitar, ya hana fenti zama, sai a ga fentin yana darewa yana barin 'yan ramuka kamar idon kifi. Yana kuma yaɗuwa a wurin aiki ta hannu da tsumma, kuma fitar da shi aiki ne ja.

Ruwan PVA

Abu na biyu ruwa ne da ake kira PVA, wanda masana kimiyya biyu a Jamus suka fara haɗawa a 1924. Yakan zo kore ko shuɗi ko garai, narke a cikin ruwa da sifirit. Idan ya bushe sai ya zama wata siririyar fata kamar leda, wadda rezin ba ya narkar da ita amma ruwa na wanke ta. Kaki yana sa fuska santsi ne, shi kuwa PVA katanga yake ginawa tsakanin ɓangarorin biyu. Shi ya sa gogaggun masu sana'a ke haɗa su a duk inda haɗari ya fi yawa: a kan samfuri, da kuma zubi biyu ko uku na farko a sabon mazubi. Kaki a ƙasa, PVA a sama.

Wajibi ne a yi hattara da suna. Farin gam ɗin kafintoci shi ma ana rubuta PVA a jikin robarsa, amma wani sinadari ne daban da ya yi tarayya da wannan a haruffa kawai. Wanda ya shafa shi a mazubi ya ƙara gam ne a kan gam.

Shafa PVA na da wuyar sha'ani, domin a kan fuskar da ta sha kaki yakan dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, kamar ruwa a bayan agwagwa. Masu injin fesa fenti kan fara da feshi ɗan kaɗan kamar raɓa, su bari ya sha iska, sannan su bi da feshi mai ɗan yawa wanda zai kwanta ya haɗe. Wanda ba shi da inji zai iya amfani da soso mai laushi, ya ja sau ɗaya ta fuska ɗaya ba tare da komawa kan inda ya fara bushewa ba. Ana jira har sai ya daina danƙo gaba ɗaya, abin da kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda gwargwadon yanayi. Idan ya tsage ko ya yi kumfa, ba a yi masa faci. A wanke da ruwa a sake daga farko. Aibinsa ɗaya ne: duk wani layi ko ƙura da ke kansa zai fito a jikin jirgin, don haka fuskar ba ta kai ta kaki zalla ƙyalli.

Manyan masana'antu sun fi amfani da nau'i na uku, wasu ruwaye irin su Frekote da Chemlease, waɗanda ke kama fuskar mazubi su zauna, a yi zubi da yawa kafin a sake shafawa, kuma suna jure zafin tanderu. Suna da tsada, suna lalacewa idan iska mai laima ta shiga kwalbar, kuma ba sa zama a kan mazubin da ya taɓa shan kaki sai an wanke shi tas. Ga mai fitar da jirgi biyu ko uku a shekara, kaki da PVA sun wadatar.

Dabarun gida da iyakarsu

Masu yin tayil ɗin tsakar gida da bulo a Jalingo da sauran garuruwa kan shafa baƙin mai ko gas a mazubansu, masu adon silin na filasta kuma kan yi amfani da ruwan sabulu ko mai. Wannan ya isa ga siminti da filasta, waɗanda ba gam ba ne kuma ba a neman ƙyalli a fuskarsu. A aikin rezin kuwa, mai yana gauraya da fuskar zubin ya bar ta da laushi da tabo. Basilin yana hana mannewa, ana ma amfani da shi a aikin da ba a damu da kyansa ba, amma yana barin sawun yatsa kuma yana hana fenti kamawa. Dabarar gida da ta fi inganci ita ce salatif mai faɗi na ɗaure kwali da kuma leda mai kauri, domin rezin ba ya kama su. Suna da amfani a kan allon da ke raba gida biyu na mazubi da duk wani wuri shimfiɗaɗɗe, sai dai ba sa bin lanƙwasar hancin jirgi ba tare da tattarewa ba.

Yanayin Jalingo

Umarnin da ke jikin gwangwanayen nan an rubuta shi ne bisa zafin ɗaki na wajen digiri 20 zuwa 25. A Jalingo, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana na kaiwa digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuma ya zarce haka. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin lokacin da rezin ke bayarwa kafin ya fara kauri. Wanda aka ce yana ba da minti 40 na iya kamewa a ƙasa da minti 20, kuma idan an dama da yawa a kofi ɗaya yana iya yin zafi har ya yi hayaƙi ya narkar da kofin. Kaki ma yana bushewa nan take a irin wannan zafi ya ƙi goguwa. Mafita ita ce aiki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, a riƙa shafa ɗan wuri ana gogewa kafin a ci gaba, a kuma dama rezin kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi.

Hunturu na zuwa da nasa. Busasshiyar iska tana taimaka wa PVA ya bushe da wuri, amma ƙurar da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu tana zama a kansa tun yana ɗanye. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki da kifa babban kwali mai tsabta a kan mazubi na rage matsalar. Da damina kuwa PVA na jinkirin bushewa, har a ɗauka ya bushe alhali ƙasansa da saura, kuma wasu nau'o'in efoksi kan fitar da wani maiƙo a fuskarsu idan laima ta yi yawa, wanda sai an wanke shi da ruwa kafin a ɗora wani abu a kai. Wanda ke aiki a Gembu, a kan tsaunin Mambilla, matsalarsa akasin ta Jalingo ce: sanyi na hana rezin nuna da wuri, sai ya ƙara kwana kafin ya taɓa mazubin.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata ya zama al'ada. A manna guntun salatif na takarda a fuskar da aka gama shafa wa kaki, a ɗaga. Idan ya taso ba tare da turjiya ba, kakin ya zauna. Wanda ya fi wannan tabbaci shi ne a ɗiga ɗan rezin a gefen mazubin, inda ba zai shafi aiki ba, a bar shi ya kwana. Idan ya ɓalle da farce da safe, sai a ci gaba.

Ranar buɗewa

Fatar ƙaramin jirgi ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, domin ƙyallen da ake amfani da shi na da nauyin giram 25 zuwa 160 ne kacal a kowace murabba'in mita. Ƙarfi kaɗan ya isa ya yaga ta. Ba a buɗe mazubi sai rezin ya nuna sosai, wanda ga yawancin efoksi ke nufin aƙalla sa'o'i 24. Ana yanke abin da ya zarce baki, sannan a cusa 'yan fegi na roba ko na itace mai laushi a tsakanin gida biyun, a bi su a zagaye a hankali. Sukuddireba da wuƙa ba su da wuri a nan. Karce ɗaya da suka yi zai riƙa fitowa a kowane jirgi da aka zuba daga baya, kuma a nan ne zubi na gaba zai fara kamawa. Ɗan bugu da tafin hannu a bayan mazubi na taimakawa, haka ma hura iska a tsagar da ta buɗe. Idan an yi amfani da PVA kuma aikin ya turje, sai a zuba ruwan ɗumi a tsagar a jira. Ruwan zai bi ya narkar da fatar, jikin ya saki da kansa.

Batun lafiya bai kamata a raina shi ba. Sinadarin da ke daskarar da foliyesta, MEKP, wanda ake sa kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ɗigonsa ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma idan aka haɗa shi kai tsaye da sinadarin kobal mai hanzarta daskarwa yana iya kamawa da wuta. Efoksi na jawo ƙaiƙayi da kumburin fata ga wanda ya saba taɓa shi da hannu, kuma idan jiki ya fara ƙinsa ba ya dainawa. Tabarau da safar hannu da takunkumin hanci da buɗaɗɗiyar taga sun fi kowane ɓangare na aikin araha. Haka kuma, tashi da jirgi maras matuƙi a Najeriya na ƙarƙashin dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma kusa da filin jirgi ba wurin gwaji ba ne.

Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa saboda murnar ganin jiki ya fito lafiya. Abin da ya hana shi manne wa mazubi yana nan a fatarsa, kuma zai hana shi manne wa komai. Sai an wanke PVA da ruwa, an cire kaki da sabulu da ruwan ɗumi ko sinadarin cire maiƙo, sannan a bi wurin da za a haɗa da samfefa. Tsarin yana da muhimmanci: wanda ya fara da samfefa kafin wanki yana tura kakin ne cikin karcen da ya yi. Haɗin fiffike da gangar jiki da aka yi a kan ragowar kaki yakan yi kamar ya kama a kan tebur, ba ya nuna rauninsa sai jirgin ya yi kwana mai tsanani a sama. Shi kuwa mazubin, ana wanke shi, a ƙara masa zagaye ɗaya na kaki, a haɗa gida biyun a ɗaure da kusoshinsu don kada su karkace, a ajiye shi a kwance nesa da rana.